Hattara da Altaneta Mai Sabon Fenti da Ake Kira Baljiyam

Masu tsohuwar Golf, Starlet, Corolla da Civic, a kula. Akwai damfarar da wasu masu sayar da kayan gyaran mota ke yi da haɗin bakin wasu rewaya, kuma a kan altaneta take, wato na'urar da ke cajin batir.

Ka kai mota batir yana yawan mutuwa. Rewaya ya tayar da inji, ya zare kan batir, mota ta mutu, ya ce altaneta ta ƙone. Wannan gwajin ma ɓarna ne, domin wutar da ke tashi lokaci guda tana iya kashe dayod (mai mayar da wutar AC zuwa DC) ko ragileta (mai daidaita ƙarfin caji) masu lafiya. Kafin ka ankara an kawo wata tana ƙyalli, da takardar 120A, wato ƙarfin wutar da take bayarwa, manne a jiki, wai Baljiyam ce, wato ta hannu daga ƙasar waje, taka kuma "kwandem". Alhali sau da yawa burushi, ɗan gawayin da ke cikinta, ne kawai ya cinye, ko fambel ya saki. Taka ɗin za a sa wa burushi, a wanke da fetur, a fesa fenti, a sayar wa na bayanka.

Kada a kwance komai sai an sa mitar auna wuta a kan batir. Batir mai caji, inji a kashe, yana nuna 12.4V zuwa 12.6V. Inji na aiki, 13.8V zuwa 14.5V. A kunna manyan fitilu da fanka, a ɗan taka totur: in ya faɗi ƙasa da 13V caji ya gaza, in ya haura 15V ragileta ce, za ta dafa batir. A juya mita zuwa AC. Abin da ya wuce 0.5V alamar dayod ya mutu ne, kuma shi ke zuƙe batir cikin dare. Sai a mayar da mita DC, inji na aiki, a auna tsakanin babban notin bayan altaneta da jan kan batir. Asarar da ta wuce 0.5V laifin waya ne ko tsatsa. A duba ƙwan alamar batir na dashbod, don a wasu tsofaffin motoci ta nan wutar tayar da caji ke bi. In ya ƙone, lafiyayyar altaneta sai ta ƙi caji har sai an taka totur sosai.

In saye ya zama dole, leƙa ta ramukan iska. Fenti a kan waya ko kan noti, ga kawunan sukurori sun sha sukundireba, an buɗe ta ke nan. Juya fuli da hannu: gurnani ko wasa, boris ya tafi. Sababbi masu arha kuma wasunsu wayar alminiyam ce aka rina kamar tagulla, ba su da nauyi, kuma da sun yi zafi caji ya sauka. Takarda kowa na iya bugawa, lambar da ke jiki ita za a bincika.

Ko 120A ɗin ta gaskiya ce, ɗora ta a motar da ta zo da 70A ba tare da canza waya ba neman gobara ne. Tana son waya mai kaurin 25mm² zuwa batir, da fis daidai ƙarfinta, da ƙarin wayar at (ta negatif) daga inji zuwa bodi. Dole layin fuli ya yi daidai da na inji, in ba haka ba fambel zai riƙa cinyewa.

Ku yi sharaɗi da mai kaya cewa sai an ɗaura, mota ta yi zafi, an auna da fitilu a kunne sannan kuɗi ya zama nasa. Tsohuwar kuwa a ƙarce mata alama da ƙusa kafin a kwance, a saka ta a but a gabanka.