Gargaɗi ga masu kiwon kifin ado a Jos game da mai tallar "kifi mai share tanki"

Ina jan hankalin masu ajiye kifin ado a gida, musamman a Jos da Bukuru, da su yi hattara da wani mutum da ke tallar kifin pleco a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Yakan sauya sunan shafi da lambar waya, amma zancensa ɗaya ne: wai kifin ba ya buƙatar abinci domin dattin tanki yake ci, wai ba ya wuce tsawon yatsa, kuma wai wanda ya saye shi ya huta da canjin ruwa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake gaskiya.

Asalin wannan kifi kogunan Kudancin Amurka ne. Jikinsa kamar sulke yake, bakinsa kuma a ƙasa yake, da shi yake manne wa gilashi yana kankare gansakuka. Wannan ɗabi'a ce ɗan damfarar ya gina ƙaryarsa a kai. Gaskiya ne yana cin gansakuka, amma ba ya cin kashin sauran kifaye, hasali ma yana daga cikin kifayen da suka fi yawan kashi, don haka shigowarsa tanki ƙarin aiki ne ga matatar ruwa. Gansakukar ƙaramin tanki kuwa ba ta daɗewa take ƙarewa, daga nan sai yunwa. Da yake kifin dare ne, yana wuni a ɓoye a bayan dutse ko itace, mai shi ba ya lura da halin da yake ciki sai ranar da ya manne a gilashin gaba, a ga cikinsa ya lotsa, idanunsa sun faɗa. Kafin a kai ga haka, wani yakan koma tsotsar yauƙin jikin kifaye masu sanyin tafiya, irin su goldfish, ya bar musu rauni.

Ciyar da shi ba wahala gare ta ba ga mazaunin Jos, inda kokwamba da alayyafo da latas suke jibge a kasuwar Farin Gada. A yanka kokwamba ko a ɗan sulala ganye, a ɗaura masa wani abu mai nauyi ya nutse bayan an kashe fitila, da safe a cire ragowar kafin ta ɓata ruwa. A haɗa da abincin kifi na kanti mai nutsewa ƙasa, a kuma sa masa guntun itacen da aka tanada domin tanki, saboda yana gwaguyarsa. Ruwansa yana son ɗumin digiri 23 zuwa 28, abin da sanyin hunturun garin nan ba zai bari a samu ba sai da hita, kuma mai tallar bai taɓa ambaton wannan ba.

Maganar girma ce ta fi muni. Yana karɓar kuɗin ƙaramin nau'in da ake kira bristlenose, wanda yake tsayawa a santimita 12 zuwa 15, sai ya kawo 'ya'yan babban nau'in, wanda kan kai santimita 30 zuwa 45 kuma yake buƙatar tanki mai cin ɗaruruwan litoci. Suna ƙanana bambanta su sai an natsu. A jira kifin ya buɗe ƙayar bayansa a ƙirga tsinkayenta. Idan sun kai goma ko sun wuce, to babban ne, ko me mai sayarwa ya rantse da shi.

Haka kuma yana ɗora hotunan zebra pleco, mai zanen baƙi da fari, ɗan kogin Xingu na Brazil, wanda ƙasar ta hana fitar da shi a 2004, yana neman kafin alƙalami a kan farashin da bai kai na hankali ba. Da zarar kuɗi sun shiga sai ya toshe lambar mai saye, ya yi layar zana. Wannan nau'in ma abincinsa ya fi karkata ga nama, ba ya share gilashi.

Kada a tura ko kwabo sai an ga kifin ido da ido, an juya an duba cikinsa. Wanda ya riga ya tura, ya adana rasit da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa da gaggawa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Wanda kuma kifin ya fi ƙarfin tankinsa, ya nemi mai babban tanki ya ba shi, don Allah kada a sake shi a dam ɗin Lamingo ko kududdufan tsohuwar haƙar kuza, domin irin wannan saki ne ya sa ya addabi masunta a Meziko da Filifin.