Shekara uku da Chevelle ƙirar 1970, kishiyar da ke kwana a gareji

Ranar da na kawo ta gida, tun kafin in karyo kwanar layinmu uwargida ta ji rugugin injin ta fito bakin ƙofa. Ta dube ta sama da ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Maigida, kishiya ka yi min ba ko sallama?" Sunan ya bi motar har yau. Shekara uku ke nan muna tare da ita a nan Columbus ta jihar Ohio, kuma 'yan uwa da dama sun tambaye ni ko su ma su sayi irinta. Ga abin da na gani, daɗinsa da ɗacinsa.

Amurkawa suna kiran irin waɗannan motoci muscle car, wato mota mai ƙwanji. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar wa samari a farashin da za su iya. Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe ƙofa, sauran kamfanoni suka biyo sahu, kuma a 1970 abin ya kai ƙololuwa. A shekarar ne General Motors ya ɗage dokar da ya sa wa kansa ta hana saka injin da girman cikinsa ya wuce inci kubik 400 a matsakaitan motocinsa, sai reshensa Chevrolet ya fito da Chevelle SS (Super Sport, wato samfurin masu son gudu) mai inji 454, kusan lita 7.4, wanda samfurinsa na LS6 aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Daga nan rana ta fara faɗuwa. Dokar tsabtace iska ta 1970, tsadar inshora ga matasa, sannan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973, su suka taru suka kashe kasuwar.

Tawa dai ba LS6 ba ce, kada wani ya ɗauka na haƙo rijiyar mai. Malibu ce, wato Chevelle ta gama-gari, aka yi wa ado irin na SS: baƙaƙen ratsi biyu a kan bonet, tambari a gaba da baya, da inji 454 da wani mai ita na baya ya ciro daga wata tsohuwar a-kori-kura. Mai sayarwar bai ɓoye min wannan ba, na ba shi dala 27,000 ina sane. Amma mai niyyar saye ya buɗe ido a nan. A Chevelle ta 1970, SS ƙarin kaya ne da ake zaɓa a kan Malibu, saboda haka lambar jikin motar ba ta nuna ko SS ce ta asali. Abin da ke raba gardama shi ne takardar jerin kayan motar da ma'aikatan masana'anta suke cusawa a ƙarƙashin kujera ko a saman tankin mai, idan shekaru da ɓeraye sun bar ta. In ba wannan takarda, duk wanda ya ce maka ta asali ce, ka saya da kuɗin Malibu ko ka kama gabanka.

Tuƙinta kuwa, ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ba. Da safe sai ka taka totur sau biyu kafin ka murɗa makulli, ta yi tari, ta kama, duk garejin ya ɗauki rawa. Ba ta son gaggawa, sai ta yi ɗumi. Idan ka hau titi ka danna ƙafa, manyan ƙofofi biyu na bayan kabureta su buɗe, sai ka ji wani irin gurnani daga gaba, bayanka ya manne da kujera, hancin motar ya ɗaga. A takarda, Camry ta zamani mai silinda shida za ta iya ba ta wahala, tunda injin a-kori-kura an yi shi ne don jan kaya. Sai dai a cikin Camry ba ka jin komai, a nan kuwa har haƙoranka sun san kana tafiya. Sitiyarin yana da lilo, kwana tana shigarta kamar kwalekwale, babu na'urar sanyi, kujerun leda kuma a watan Yuli sai su tuna maka kwanon suya. Ƙamshin cikinta, fetur da tsohuwar leda, shi yake mayar da ni Kaduna, cikin Fijo 504 ta mahaifina, lokacin da nake riƙe masa tocila yana duba fulogi. Ina jin abin da na saya ke nan da kuɗina, ko da yake ban faɗa wa uwargida haka ba.

Mai kuma tana shansa kamar raƙumin da ya dawo daga sahara. A lissafina galan ɗaya yana kai ni mil 10, wato kilomita huɗu da 'yan kai a lita. Tankin galan 20 ne, kai ka ƙarasa lissafin.

Inda na ƙone shi ne tsatsa, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan sharhin. Na je ganin motar da yamma, fenti yana sheƙi, inji yana ruri, hankalina duk ya tafi can. Na leƙa ƙarƙashinta da fitilar waya na minti biyu na ce ta yi. Bayan wata biyar sai na ga fenti yana ƙuraje a saman tayar baya. Na kai wa wani dattijo mai gyaran bodi, ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya bi jikinta da shi. A ƙofa ya kama, a bayan taya ya faɗo ƙasa. Ya ce min, yaro, nan babu ƙarfe, fila ce. Da aka kankare, kaurin filar ya kai yatsa. Muka ɗaga shimfiɗar but, ƙasan ya zama kamar rariya. Gefen gilashin baya, inda ruwa ke kwanciya a irin wannan ƙirar, shi ma ya ruɓe. Dalilin a bayyane yake: jihohin nan na arewa suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, motar da ta yi shekara hamsin tana shan wannan ruwan kuwa sai a hankali. Shi ya sa masu wayo suke zuwa Arizona ko Kalifoniya su sayo, su biya kuɗin dako. Yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, walda da sabon fenti sun ci min sama da dala 9,000, motar kuma ta yi wata bakwai a hannun dattijon. Ban yi shari'a da mai sayarwar ba, don a takardar cinikin an rubuta na saye ta yadda na gan ta. Da na biya wani gwani dala ɗari uku ya ɗora ta a kan lifta kafin in miƙa kuɗi, da ban shiga wannan ba.

Injin, wanda shi na fi jin tsoro tun farko, shi ya fi komai sauƙi. Fili ne a ƙarƙashin bonet, hannu yana kaiwa ko'ina, babu kwamfuta, babu wayoyi birjik. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da bakanike a Panteka zai gane abin da yake kallo. Kayan gyara kuma har yau ana ƙera su sababbi, daga famfon ruwa har marfin but, ka yi oda a intanet su iso cikin mako. Abu biyu kawai na koya da wuya. Fetur ɗin yawancin gidajen mai a nan yana da kashi 10 na ethanol, wanda ke cin tsofaffin robobi yana kuma jawo danshi idan mota ta daɗe a ajiye, don haka na canza duk tiyon mai. Baƙin mai kuma dole ka nemi mai sinadarin zinc da yawa, domin tsohon kamshaf yana buƙatarsa, man zamani kuwa an rage masa shi.

Birki ma na canza. Malibu da birkin ganga ta zo a ƙafa huɗu, kuma sau ɗaya da wata mota ta tsaya min ba zato a babban titi ya ishe ni darasi. Na sa na faifai a gaba. Ko da hakan, babu jakar iska, babu na'urar hana taya kullewa, shi ya sa yarana ba sa shigarta sai zagayen unguwa. Inshora ta ba ni mamaki da sauƙi, saboda akwai tsarin motocin tarihi inda kuke amincewa kan darajar motar tun farko, da sharaɗin kana da wata motar ta zuwa aiki kuma wannan tana kwana a kulle.

A watan Agustan bara na kai ta Detroit, wajen taron Woodward Dream Cruise na masu tsofaffin motoci, wanda aka fara tun 1995. Tafiyar kusan mil 200 ce, na tsaya shan mai tun kafin in isa, idona kuma a kan allurar zafin lagireto. A can wani tsoho ya dafa ƙofata ya ce irinta ya saya da ya dawo daga Vietnam, ya tsaya shiru yana kallon dashbod. Ban gaya masa ba SS ta asali ba ce, shi ma bai tambaya ba.

Wanda ke da gareji, da motar hawa ta daban, da rarar kuɗin da ya kai sulusin farashin don gyaran da bai gani ba, kuma ba ya ƙyamar baƙin mai a farce, ya saya, zai ji daɗi. Mai neman motar kai yara makaranta, ko mai tunanin jari ne da zai ninka, ya bar ta. Ni da zan sake, da jikin zan fara dubawa, da maganaɗisu a aljihu, injin ya zo daga baya.

Yanzu Nuwamba ta shigo, sun kusa fara zuba gishiri. Jiya na cika tanki, na cire batir, na lulluɓe ta sai Afrilu. Uwargida ta leƙo gareji ta ce, "To, amarya ta shiga takaba ke nan?" Na ce idda dai, tana nan dawowa.