Buhun PICS, jarka ko magani: wanne ya kamata a saya don ajiyar wake?

Duk wanda ya sayi wake da kaka da niyyar ya kai shi bazara, ya sani cewa ƙwaron da zai cinye shi tun daga gona yakan biyo shi. Macen takan manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, ɗan ɗigo fari kamar gishiri, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito a ƙwaro ta bar rami zagayayye. Saboda haka kafin a gama ciniki, a zura hannu can cikin buhu a ɗebo. Idan an ga ɗigon nan, ko huji, ko gari ya maƙale a tafin hannu, to ɓarna ta riga ta fara.

Ni dai zaɓina buhun PICS ne, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samo dabararsa tare da manoman arewacin Kamaru, aka kuma shiga yaɗa shi a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Babu magani ko kaɗan a cikinsa. Idan an ɗaure shi, ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ta rage, sai su daina ci da haihuwa, su mutu. Sharaɗinsa shi ne waken ya bushe sosai har ya yi ƙaras a haƙori, a sheƙe shi a tsince tsakuwa da kara don kada su huda leda, a matse iska, sannan a murɗe bakin kowace leda a lanƙwasa a ɗaure ta ita kaɗai. A ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma a daina yawan kwance shi. Masara da dawa ma yana riƙe su, kuma yakan yi kaka biyu ko uku idan bai huje ba.

Jarka mai lita 25 tana aiki ga mai 'yan kwanuka, muddin ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, aka cika ta har baki aka toshe murfin da leda. Toka da barkono da ganyen darbejiya ba sa kai babban buhu ko'ina. Ƙwayar maganin nan da ake naɗewa a tsumma a jefa cikin buhu kuwa iska mai guba take fitarwa, ba ta da wuri a gidan da mutane ke kwana. Shi kuwa Sniper, maganin feshin kashe ƙwari, ba a yi shi don abinci ba sam, kuma irin gubarsa ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Inda nake so a fi buɗe ido shi ne jabu, domin nan aka cuce ni. Na taɓa sayen buhu uku a hannun wani mai shago da ya rantse mini na asali ne, ya ma rage mini kuɗi, na zuba wake na ɗaure yadda ya kamata. Da na kwance bayan wata huɗu, ƙwari ne suka yi ta hawa hannuna, rabin waken ya zama gari mai wari. Da na ɗaga ledar a hasken rana sai na ga siririya ce irin ta ƙullin kaya, ɗinkin gindinta kuma ya tsage. Wasu sukan sa leda ɗaya su ce biyu ce, wasu su wanke tsohuwa su ninke ta kamar sabuwa, wasu kuma buhun waje ne kawai mai tambari, na cikin kuwa an musanya. Don haka kada a biya sai an zare ledojin biyu an ƙirga, an murza kaurinsu tsakanin yatsu, sannan a ɗebi iska a cikin kowace ɗaya, a murɗe bakin, a danna da hannu biyu. Idan ta fara saki, a mayar masa da kayansa. Mai shagon da ya hana a yi wannan gwaji a gabansa, a bar shi a nemi dilan da manoman yankin suka sani.