Kakin feshi na mota: abin da yake iyawa a Akra da abin da ya fi ƙarfinsa

Kwalba ce mai bakin fesawa, irin ta ruwan goge gilashi. In daga Amurka ta zo yawanci mil 473 ce (mil a nan mililita ake nufi), in ta Turai ce mil 500. Yaran wurin wankin mota "waks" suke ce mata, masu sayar da kayan ƙawar mota a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai kuma kowa da irin tasa. Sunayen da aka fi sani su ne Meguiar's da Turtle Wax da Sonax. Hukuncinmu a kanta a taƙaice: ta ci kuɗinta, amma ga mai wanke motarsa yadda ya kamata. Wanda har yanzu da omo ake wanke masa mota, ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Abin da ke cikin kwalbar iri uku ne. Akwai mai kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Shi ya fi fito da zurfin launi a baƙar mota ko ja, amma bai da ƙarko. Akwai na haɗin sinadari zalla. Sai kuma wanda ake rubuta wa "ceramic" ko SiO2, wato mai ɗauke da sinadarin silika, kuma shi ya fi jure rana da wanki. Dukansu aiki ɗaya suke yi: su shimfiɗa wani siririn bawo a kan kiliya, wato wannan shafe mai garai-garai da masu fenti ke fesawa a kan launi. Kaurin kiliyar kamfani bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin gashin kai ba, kuma in ta cinye babu magani sai sabon fenti. Amfanin kakin ke nan, ya sha wahalar da kiliya za ta sha.

Wahalar kuwa a Akra ba kaɗan ba ce. Mai ajiye mota a Jamestown ko Teshie ko Nungua yana fama da iskar teku mai gishiri. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu. Damina ta zo, ga jan taɓo na unguwannin da kwalta ba ta kai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin itatuwan da ke kusa da asibitin sojoji na 37 kuma ya san aikin jemagu. Kashin jemage da na tsuntsu suna cin kiliya, in rana ta gasa su a kan bonet sai su bar shaida ko bayan an wanke. A kan motar da aka fesa wa kaki, jiƙaƙƙen tawul ya isa ya ɗauke shi in an yi hanzari. Kakin yana ba ka lokaci ne kawai, ba ya mayar da fenti ƙarfe. Ka bar kashin ya kwana biyu, zai ratsa.

Yawancin masu cewa kakin feshi yaudara ne, a wurin shiri suka yi kuskure. Kaki ba ya kama datti, fenti yake kamawa. Bayan an wanke mota, ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa saman bonet a hankali. In ka ji yana da kaushi kamar an barbaɗa yashi, akwai abin da sabulu bai cire ba: ƙurar birki, ɗigon kwalta, ƙaron itace, ko burbushin fenti da iska ta kwaso daga garejin maƙwabta. Wannan sai an bi shi da yumɓun goge fenti, ana yi ana jiƙa wurin da ruwan sabulun mota don kada ya karce. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. In aka tsallake wannan, kakin zai kwanta a kan dattin, wanki biyu ya bi ruwa.

Shafawar kanta ba ta kai minti ashirin ba a ƙaramar mota irin Corolla ko Vitz. A inuwa ake yi, kuma sai jikin motar ya huce. Ɗora bayan hannunka a kan rufi, in ba za ka iya barinsa a wurin ba, to ba yanzu ba. Baƙin fenti a ranar Maris yana iya haura digiri 70, a wannan zafin ruwan da ke cikin kakin yana ƙafewa kafin tawul ya baza shi, sai ya bar zane-zane kamar an shafa man gyaɗa. Girgiza kwalbar sosai. Ka tanadi tawul biyu na maikurofaiba masu tsabta, ka ninka kowanne huɗu. Feshi biyu a ƙofa ɗaya, uku ko huɗu a bonet da rufi. Da tawul na farko ka baza, kai da komowa a miƙe ba kewaye ba, nan take ka bi da busasshen na biyu har wurin ya yi santsi. Ka gama ƙofa ɗaya kafin ka taɓa ta gaba. In akwai iska, a kan tawul ɗin za ka fesa, don kada ya watsu zuwa gilashi.

Kowane matsi na bakin kwalba kusan mil ɗaya yake fitarwa, don haka mota guda ba ta cin fiye da mil 30 ko makamancin haka, kwalbar mil 500 kuwa ta isa shafawa goma sha biyar. A nan ne ake yawan ɓarna. Yaro yana son ya burge mai mota, sai ya yi ta fesawa har yana tsiyaya, shi a ganinsa yawa shi ne kyau. Abin da fenti zai iya riƙewa kaɗan ne, ragowar shi ke zama dusu-dusu, gobe ƙura ta manne masa. In haka ta faru, a goge da tawul mai ɗan laima, a bi da busasshe. Mai silika in ya riga ya bushe ya kwana, sai an sa folish mai laushi, wato man da ke ɗan kankare saman fenti, kafin tabon ya tashi.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce fesawa a kan jiƙaƙƙiyar mota, da zarar an gama ɗauraya, kafin a tsane. Feshi ɗaya a kowane sashe, sai a tsane da tawul kamar kullum. Tawul ɗin zai riƙa zamewa maimakon ya ja fenti, ƙananan karce su ragu, kuma ruwa ba ya samun damar bushewa da kansa. Wannan yana da muhimmanci inda ake wanki da ruwan bohol ko na tanka, domin ma'adinan da ke cikinsa su ke barin fararen ɗigo-ɗigo. Sai dai a duba bayan kwalba, ba kowanne aka yi don jiƙaƙƙen fenti ba. Meguiar's Hybrid Ceramic Wax, alal misali, bayan shafawar farko fesa shi ake yi a kan jiƙaƙƙiyar mota a kore da ruwa mai ƙarfi. Turtle Wax Hybrid Solutions Ceramic Spray Coating kuwa busasshen fenti yake so, kuma a bar shi awa 24 kafin a wanke ko a ƙara shafe na biyu. A watan Yuni, lokacin da ruwa ke iya saukowa kowace yamma, sai mai rumfa.

Batun ƙarko, kada ka riƙe abin da aka rubuta a jikin kwalba kamar alkawari. Motar da ke kwana a waje, tana shan rana ana wanke ta duk mako, mai karnoba ya yi mata mako biyu zuwa huɗu, mai silika wata biyu zuwa huɗu in an yi shiri mai kyau. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne omo da sabulun wanke kwanuka. An yi su ne don su narkar da maiƙo, ba su san bambancin maiƙon miya da kakin da ka saya ba. Ka sayi sabulun mota naka, ka ajiye a but tare da tawul ɗinka, in ka je wanki ka miƙa wa yaron ka ce, "Ɗan'uwa, da wannan za ka yi min, kuma a sabon bokiti." Kwalbar kakin ita kam a bar ta a gida, zafin but yana raba haɗin.

Gwajin sanin ko yana nan ba shi da wuya. Fasa ledar fiya wata ɗaya a kan bonet bayan wanki. In ruwan ya dunƙule ƙanana-ƙanana yana gangarewa, da sauransa. In ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi.

Akwai inda ba a so a kai shi. Ba a fesa shi a kan mota mai ƙura a ce za a goge ba tare da wanki ba. Da hunturu mutane na yawan yin haka da safe, ƙurar kuwa yashi ce mai laushi, tawul ya ja ta ya zana kiliya, in rana ta haska ka ga zobe-zobe kamar saƙar gizo. Ba ya cire karce, ɓoye mafi ƙanƙanta kawai yake yi na ɗan lokaci. Tsohuwar taksi ko trotro (ƙaramar bas ɗin haya) da fentinta ya koɗe har yana barin gari a yatsa, folish take buƙata tukuna. Gilashin gaba a kauce masa sai in kwalbar ta ce ya halatta, in ba haka ba waifa za ta riƙa barin hazo da dare. Haka faifan birki da tafin taya, da fentin da aka yi shi da gangan marar sheƙi.

Sai motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema da bugu a jiki, a gyara a sake musu fenti. Sabon fenti yana ɗaukar makonni yana fitar da sinadarin da aka dama shi da shi, kaki kuma yana toshe masa hanya. A jira aƙalla kwana 30, wasu masu fenti ma har 90 suke cewa, don haka ka tambayi wanda ya yi aikin. In kuma motar da ka saba fesa wa kaki ce za ta shiga fenti, ka gaya masa tun da wuri ya wanke ta da abin cire maiƙo, domin silikon da ke cikin yawancin waɗannan kwalabe yana sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi.