Bitar Director MX 2004: Manhaja Mai Daɗin Koyo, Mai Wuyar Riƙo

Duk wanda ya taɓa saka faifan CD na koyar da yara a kwamfuta a shekarun 1990 ko farkon 2000, ya ga hoto yana motsi, murya tana karanta darasi, maɓalli yana amsawa idan an danna shi, to da wuya a ce bai ci karo da aikin Director ba, wato manhajar da ake haɗa irin waɗannan faifai da ita, ko da bai san sunanta ba. Manhajar ta fara ne a 1985 da sunan VideoWorks a kan kwamfutar Macintosh, daga kamfanin MacroMind, wanda ya rikiɗe ya zama Macromedia a 1992, kafin Adobe ya saye shi a ƙarshen 2005. Sigar da na zaɓa in yi bitarta ita ce MX 2004, domin a ganina a nan ne manhajar ta kai ƙololuwarta, kuma a nan ne kyawunta da aibinta suka fi fitowa fili ga mai rubuta umarni da harshenta na Lingo, wanda John Henry Thompson ya ƙirƙira.

An gina Director bisa tsarin wasan kwaikwayo. Akwai dandamali, wato filin da mai kallo yake gani. Akwai rumbun 'yan wasa, inda ake ajiye hotuna da sauti da bidiyo da rubutu, har da su kansu rubutun umarnin. Sannan akwai jadawali, wanda manhajar ke kira Score, mai layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye, inda kowane ginshiƙi firam ne, wato ɗan ƙaramin yanki na lokaci, kowane layi kuma gurbi ne da ɗan wasa ɗaya zai iya zama a ciki, kuma gurabun suna iya kaiwa 1000. Mai zane da bai taɓa rubuta layin umarni ɗaya ba zai iya jan hoto ya ɗora a jadawali, ya shimfiɗa shi a kan firam talatin, ya ga yana tafiya kafin shayinsa ya huce. Wannan sauƙin shiga shi ne babban abin yabo, kuma har yau ban ga manhajar da ta fi ta iya jan hannun sabon shiga daga zane zuwa rubuta umarni ba tare da ta tsorata shi ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da aikin ya girma har jadawali ya gaza ɗaukarsa shi kaɗai. Daga wannan rana mota ɗaya ta sami matuƙa biyu: jadawali yana cewa hoton nan wurinsa gefen hagu ne, rubutun umarni kuma yana cewa ya koma dama, kuma mafi yawan kurakuran da masu aiki da Director suka sha fama da su daga wannan ja-in-ja suka samo asali. A ɗauka ana gina darasin lissafi ga 'yan firamare, inda yaro zai ja hoton lemo ya jefa a kwando. Umarni ya matsar da lemon, yaro ya ga ya shiga kwando, komai ya yi daidai, amma da zarar wasan ya fita daga zangon firam ɗin da aka shimfiɗa lemon a kai ya sake dawowa, sai lemon ya koma inda jadawali ya san shi, kamar ba a taɓa shi ba. Maganin da manhajar ta tanada shi ne umarnin puppetSprite, wanda ke ƙwace gurbin daga hannun jadawali ya miƙa wa Lingo kacokan. Sai dai wanda ya ƙwace gurbi ya manta bai mayar ba, zai tarar da lemon nan yana shawagi a tsakiyar darasin haruffa da ke biye, domin jadawali ba shi da sauran iko a kansa. Babu saƙon kuskure a duka halayen biyu, kuma wannan shirun ne ya fi cin lokaci.

Wani reshe na wannan rigimar shi ne batun lokaci. Wanda ya zo daga wasu harsunan kwamfuta ya saba rubuta umarni mai maimaita kansa har sai wani sharaɗi ya cika, kuma idan ya yi haka a Lingo don ya motsa hoto, dandamali zai daskare, danna maɓalli ba zai yi aiki ba, sai maimaicin ya ƙare sannan hoton ya bayyana a wurin ƙarshe lokaci guda. Hanyar da ta dace ita ce a tsayar da wasan a firam ɗaya yana zagaye, a riƙa yin ɗan motsi kaɗan a kowace fita daga firam. Amma hakan ma yana ɗaure saurin motsi da ƙarfin kwamfuta, ta yadda abin da ke tafiya a natse a tsohuwar na'ura zai iya zama gudu a sabuwa idan ba a ƙayyade saurin firam ba, ko ya riƙa jan ƙafa idan na'urar ta gaza kai saurin da aka sa. Ƙwararru sun koyi auna motsi da agogon kwamfuta maimakon ƙirga firam, amma manhajar ba ta tura kowa zuwa wannan hanyar ba, sai wanda ya ƙone ya gane.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan hankalina, wato yadda Lingo ke ba da damar gina manhaja bisa abubuwa masu riƙe da bayanansu da ayyukansu. Hanya ta farko ita ce ɗabi'a, wadda ta shigo a Director 6 a 1997: rubutu ne da ake liƙa wa ɗan wasa a jadawali, kowane ɗan wasa kuma ya sami nasa kwafin siffofin, wato bayanan da rubutun ke riƙewa. Rubutu ɗaya zai iya hidima ga lemo ashirin, kowanne ya san nasa wurin da nasa darajar, kuma mai rubutun zai iya tanadar ƙaramin akwatin tambaya da zai buɗe wa mai zane ya cike ƙima ba tare da ya leƙa umarnin ba. Wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma wanda ya san yadda ake liƙa rubutu ga abubuwa a manhajojin gina wasanni irin su Unity ko Godot zai gane fuskar nan take. Rauninsa shi ne rayuwar ɗabi'a tana hannun jadawali: ana haifar ta a farkon zangon ɗan wasan, ta mutu a ƙarshensa tare da duk abin da ta haddace. Makin da yaro ya tara, idan a cikin ɗabi'a aka ajiye shi, ya tafi ke nan da zarar an sauya fage.

Don abin da ake so ya daɗe, akwai hanya ta biyu, wato uwar rubutu, wadda ake haifar 'ya'ya daga gare ta su zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ruwansu da jadawali. Rubuta ta ba wuya. Ana jera siffofi a sama, a rubuta sashe mai suna new, a cike siffofin, a rufe da layin return me, wanda ke miƙa sabon ɗan ga wanda ya nema. Wannan layin na kalmomi biyu, idan aka manta da shi, manhajar ba za ta ce uffan ba a wurin. Za ta miƙa wofi, sai can gaba a wani rubutu dabam, lokacin da aka nemi ɗan ya yi aiki, kuskure ya fito yana cewa abu ake tsammani, mai aiki kuma ya shiga laluben inda ba nan ɓarnar take ba. Haka nan idan aka yi kuskuren harafi ɗaya wajen sanya ƙima a wata siffa, Lingo za ta ɗauka sabon ma'aji na wucin gadi, wato wurin ajiye ƙima, ake so, ta ƙirƙire shi, ta zubar da shi a ƙarshen sashen, ainihin siffar kuma tana nan yadda take. Irin wannan ne ke faruwa da ma'ajin gama-gari da aka manta ba a ayyana shi a saman rubutu ba. Harshen yana da yawan kawaici, kuma kawaicin da ke faranta wa ɗalibi rai a makonsa na farko shi ne ke hana ƙwararre barci a aiki mai rubutu ɗari.

Gado a Lingo, wato yadda wani abu ke gadar ayyukan wani, ya bambanta da na Java ko C++, kuma na fi ganinsa a matsayin abin sha'awa fiye da aibi. Ɗa yana da siffa ta musamman mai suna ancestor, inda ake ajiye wani abu rayayye, kuma duk saƙon da ɗan bai san amsarsa ba sai ya wuce zuwa ga wannan kakan. Tunda kakan abu ne mai zaman kansa, ana iya sauya shi ana tsakiyar wasa, ko 'ya'ya da yawa su yi tarayya a kaka ɗaya, abin da ke ba da sassauci mai yawa ga wanda ya san abin da yake yi. Farashin shi ne babu katanga ko ɗaya. Babu siffar da za a ɓoye, kowane rubutu daga ko'ina zai iya miƙa hannu ya sauya cikin kowane abu, kuma babu wata hanyar tilasta cewa abu kaza dole ya iya aiki kaza. Idan mutum uku suna aiki tare, abin da ke tsare aikin shi ne yarjejeniyar baki kawai, irin ta fara sunan kowace siffa da harafin p da na gama-gari da harafin g.

Batun ƙwaƙwalwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ayyukan da aka girka a gidajen tarihi da wuraren baje koli, masu kwana suna aiki, suka fi faɗuwa. Lingo tana ƙirga masu riƙe da kowane abu ne, sai ƙirgar ta sauka zuwa sifili sannan ta share shi. Idan abu biyu suna riƙe da juna, misali manajan darasi yana da jerin tambayoyinsa kowace tambaya kuma tana riƙe da manajan, ƙirgar ba za ta taɓa sauka ba ko an yi watsi da su duka, kuma su ci gaba da cin wuri har a rufe manhajar. Akwai kuma jerin da ake kira actorList, wanda ke aika saƙo ga duk abin da ke cikinsa a kowane firam. Ba ya share kansa idan an koma wani fayil ɗin wasa, saboda haka abubuwan fagen da ya wuce suna iya ci gaba da aiki a ɓoye suna neman 'yan wasan da ba su nan. Jeri ma kansa tarko ne ga wanda bai sani ba, domin sanya jeri a sabon ma'aji ba ya yin kwafi, suna na biyu kawai yake ba shi, sai an nemi kwafin da baki. Taga mai duba cikin abubuwa da sigogin MX suka kawo ta rage wahalar bincike sosai, kuma tagar saƙo, inda ake buga umarni a ga sakamakonsa nan take ana cikin wasa, tana daga cikin abubuwan da na fi so a manhajar baki ɗaya.

Sabon abin da aka fi tallata MX 2004 da shi shi ne damar rubutu da salon JavaScript a gefen Lingo. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon rabi da rabi ne. Jerin Lingo yana farawa daga 1, na JavaScript daga 0. Lingo ba ta damu da babban harafi ko ƙarami ba, JavaScript ta damu. A Lingo 5 a raba 2 yana ba da 2 idan lambobin cikakku ne, a ɗayan kuma 2.5. Haɗa su a aiki ɗaya neman rigima ne, kuma tunda tarin misalan da masu amfani suka rubuta cikin shekaru duk da Lingo suke, mafi yawan mutane sun tsaya inda suka saba. Abin da ya fi amfani a wannan sigar shi ne iya fitar da fayil mai tafiya da kansa na Windows da na Mac daga kwamfuta ɗaya, ko da yake ƙarin kayan da ake kira Xtras, waɗanda ake buƙata don abubuwa kamar karanta fayil ko hulɗa da rumbun bayanai, dole a nemi na kowane tsari dabam a haɗa da hannu.

Mai son yin darasi da Hausa yana da ƙarin cikas a wannan sigar, domin ba ta san Unicode ba, wato tsarin da ke ba kwamfuta damar gane haruffan harsuna dabam-dabam, wanda sai a Director 11 na 2008 ya shigo. Ƙ da ɗ da ɓ ba za su zauna a filin rubutu yadda ya kamata ba sai da dabarar nau'in harafi na musamman ko a mayar da rubutun hoto, wanda ke nufin ba za a iya bincika shi ko gyara shi da umarni ba.

Shin ya kamata wani ya nemi Director yau? Don sabon aiki, a'a, kuma ma babu inda zai saya: Adobe ya daina sayar da ita a farkon 2017 bayan siga ta 12 da ta fito a 2013, ya kuma janye Shockwave, wanda ke kunna ayyukanta a intanet, a watan Afrilun 2019. A Mac ƙofar ta rufe gaba ɗaya tun da macOS Catalina ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, amma fayilolin Windows da yawa suna tashi har yanzu. Wanda zai amfana da saninta shi ne wanda ya gaji tsohon faifan koyarwa yana son ceto abin da ke ciki. Idan ainihin fayil mai ƙarewa da .dir yana hannunsa, ya yi sa'a, domin rubutun yana nan a karance. Idan .dxr ko .dcr kawai ya rage, an cire rubutun an bar wanda na'ura ke karantawa, sai ya nemi ProjectorRays, kayan aiki na kyauta da ke iya maido da mafi yawansa, ko ya gwada ScummVM, wanda ke kunna wasu ayyukan tsofaffin sigogi. Wajen sake gina darasin a Godot ko a shafin intanet, ya fara da zaƙulo uwayen rubutu, domin su ne ke ƙaura cikin sauƙi. Abin da aka binne a jadawali kuwa sai ya bi shi firam bayan firam ya rubuta da hannu.