Kwana shida a kan keken haya, daga Passau zuwa Viyana

Ni da ƙanena muka yi wannan tafiyar a ƙarshen watan Mayu, ta hannun wani kamfani mai shirya yawon keke. Tsarin nasu mai sauƙi ne: su ba ka keke, su kama maka otal a kowane zango, su kwashe akwatinka da mota daga wannan masauki zuwa na gaba, sannan su miƙa maka ɗan littafin taswira su ce Allah ya kiyaye hanya. Babu ɗan rakiya, babu ayarin da za ka jira. In faɗi ra'ayina tun da wuri: kuɗin da na biya na ɗaukar kaya sun halatta, ko ninkawa aka yi zan biya. Keken kuwa, akwai magana.

Hanyar ita ce wadda ke bin gaɓar Kogin Danube daga Passau, garin Jamus da ke bakin iyakar Ostiriya, zuwa Viyana babban birnin Ostiriya, kusan kilomita 320. Wani yanki ne na doguwar hanyar da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar Tekun Atlantika a Faransa ta dire a Baƙin Teku a Romaniya. A Passau koguna uku ne suka haɗu, Danube da Inn da Ilz, kuma a jikin bangon ginin majalisar garin an zana inda ambaliya ta kai a shekaru daban-daban. Mun tsaya muna ɗaga kai muna kallon layin shekarar 2013, can sama da inda hannun mutum zai iya kaiwa. Ƙanena ya ce, “Yaya, kusa da wannan ruwan za mu yi kwana shida?” Na ce masa ai shi ya sa muka zo da rani.

Abin da ya sa hanyar ta yi daɗin tuƙi shi ne tarihinta. Yawancinta tsohuwar turba ce da dawakai ke bi suna jan jiragen kaya suna hawa ruwa, kafin a samu injin. Doki mai jan jirgi ba ya son tudu, don haka turbar ta kwanta shimfiɗe a bakin kogi, aka zo daga baya aka zuba mata kwalta. Ga shi kana bin inda ruwa ke gangarawa, iska kuma galibi daga yamma take busowa, watau tana bayanka tana tura ka. Wanda ya iya keke ya yi awa uku bai faɗi ba, zai iya wannan tafiyar. Mun wuce tsofaffi masu furfura, mun wuce iyaye suna jan yara a ɗan amalanke, su ma tsofaffin sun wuce mu ba sau ɗaya ba, musamman masu keken batir.

Batun kaya kamfanin ya cika alkawari ɗari bisa ɗari. Kowace safiya kafin ƙarfe tara za mu ajiye akwatuna a wurin karɓar baƙi, kowanne da takardar suna a maƙale. Duk inda muka sauka da yamma, suna nan sun riga mu. Ba su yi latti ko sau ɗaya ba. Sai wanda ya taɓa tuƙa keke ɗauke da jaka huɗu ya san darajar wannan. Abin da ke kan kariyata bai wuce jaka ɗaya ba: rigar ruwa, gorar ruwa, famfon iska, kayan faci. Idan ka ga wuri ya burge ka, ka jingine keke ka sa makulli ka tafi, ba ka waiwaye kana tunanin fasfo da kwamfuta.

To, keken. Gangar jikinsa ba laifi, ƙarfe ne mai ƙwari, birki na kamawa, giya na shiga ba gardama, tayoyin ma masu kauri ne, faci ɗaya muka yi duk tafiyar. Matsalar sirdi ce. Irin mai faɗin nan ne mai laushi kamar matashin kai, wanda in ka zauna a kai a wurin karɓa za ka ce ka dace. Bayan kilomita arba'in sai ka gane laushin nan shi ne abokin gaba: ka nutse a ciki, gefensa na goge maka cinya duk juyin feda. A rana ta biyu, tsakanin Schlögen da Linz, na koma tuƙi a tsaye duk bayan 'yan mintuna, ƙanena na ta dariya yana cewa, “Yaya, tseren ne ya motsa?” Abin haushin shi ne a takardar da suka aiko kafin tafiya an rubuta cewa mutum na iya zuwa da sirdinsa su ɗaura masa, amma a can ƙasa, da ƙananan haruffa, bayan bayanin inshora. Wannan magana ce da ta kamata a sa a layin farko. Haka kuma wanda ya miƙa mana kekunan bai tsaya ya daidaita tsayin sirdi da tsawon ƙafarmu ba, ya dai duba mu da ido ya ce ya yi. Ni na gyara nawa da kaina a bakin hanya, bayan gwiwa ta fara yi min magana.

Schlögen kuwa ta biya wahalar. Nan ne kogin ya ci karo da dutse ya rasa hanya, ya juya baya gaba ɗaya kamar ƙugiya, sannan ya sake juyowa. Daga ƙasa ba ka ganin abin sosai, sai ka bar keke ka hau tudu da ƙafa, tafiyar kamar rabin awa cikin daji. A wajen nan turbar kan ƙare a gaɓa ɗaya, sai ka shiga ɗan jirgin fito na katako da kekenka a tsallakar da kai. Littafin taswirar ya nuna waɗannan mashigai daidai, har da gargaɗin cewa masu fito na tashi aiki da yamma, kuma wannan gargaɗin ya cece mu daga zagaye mai nisa.

Bayan Linz mun ratse zuwa Mauthausen, inda 'yan Nazi suka yi sansanin azabtarwa har sojojin Amurka suka 'yantar da shi a watan Mayun 1945. Wurin yana kan tudu, kuma nan ne kaɗai na sauka na tura keke. Akwai matakala 186 da fursunoni ke hawa ɗauke da duwatsu daga wurin fasa dutse. Mun sauko ba wanda ya ce uffan har muka yi nisa.

Inda na ga kamfanin ya yi kuskuren lissafi shi ne rabon zango. Mafi kyawun yankin tafiyar shi ne kwarin Wachau, daga Melk zuwa Krems, kilomita talatin da 'yan kai, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A Melk akwai katafaren gidan ibadar nan mai launin rawaya da ke kan dutse, wanda aka kafa tun 1089. Daga nan gonakin inabi ne hawa-hawa a jikin tuddai, an tokare su da katangar dutse, hanya na ratsa ƙauyuka masu lungu har kan kekenka na neman taɓa bango. A ƙauyen Willendorf aka tono wani shahararren ɗan gunkin mace na zamanin dutse a 1908. A Dürnstein akwai kufan gidan sarautar da aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192. A Spitz mun shiga jirgin fito wanda ba shi da injin tuƙi, an ɗaure shi da igiyar ƙarfe, ƙarfin ruwa ne kawai ke tura shi ya tsallaka. Na tsaya ina kallon igiyar kamar yaro. Duk wannan an cusa shi cikin yini ɗaya, aka haɗa da wasu kilomitoci a gaba. Sannan aka bar mana rana ta ƙarshe mai tsawon kusan kilomita 80 daga wajen Krems zuwa Viyana, yawancinta a kan doron madatsar ruwa, miƙaƙƙiya kamar an ja zare, babu inuwa, babu kwana, ruwa a gefe ɗaya bishiyoyi a gefe ɗaya har ido ya gaji. Da ni aka tambaya, da na ce a ba Wachau kwana biyu, a bar wanda ya so ya ƙarasa daga garin Tulln da ke kan hanya a jirgin ƙasa, tunda ana shiga da keke.

Otal-otal ɗin masu tsabta ne, kowanne da ɗakin ajiye kekuna mai makulli. Ɗaya kawai ya ba mu haushi, don an ce yana bakin hanya, ashe sai ka hau tudu mai tsayi a lokacin da ƙafa ta riga ta mutu. Abu guda kuma da littafin bai faɗa ba: ranar Lahadi shaguna a rufe suke a Ostiriya. Mun koyi wannan da gora wayam a hannu.

Mun shiga Viyana ta tsibirin nan siriri da ke tsakiyar kogi, muka miƙa kekunan a otal ɗin ƙarshe, ba wanda ya tsaya yi mana ƙididdigar ƙarce. Ƙanena tun a daren ya fara duba taswirar ci gaban hanyar zuwa Bratislava da Budapest. Na ce masa na yarda, kuma da wannan kamfanin ma, amma sirdina yana cikin akwati, kuma zango ni zan raba.