Hamoni ko kantafoyin, wanne za ka fara da shi?

Ɗan'uwa da ka tambaya wanne ya kamata mai son tsara kiɗan kilasika ya fara koya tsakanin hamoni da kantafoyin, to duka biyun abu ɗaya suke dubawa amma kowa ta fuskarsa.

Hamoni a tsaye yake kallon sauti, wato in ka buga do da mi da so lokaci guda sun zama kod, sai ka koyi wane kod ke bin wane, da dalilin da ya sa kod na biyar, wanda aka gina a kan so, yake jan kunne ya koma na ɗaya, wanda aka gina a kan do. Bafaranshen nan Rameau shi ya shimfiɗa wannan tunanin a littafinsa na 1722. Amfaninsa na zuwa da wuri, ba da jimawa ba za ka zauna a fiyano ka raka waƙa. Inda matsalar take, mutum sai ya saba da jera kod kamar bulo, muryoyin tsakiya alto da teno su yi ta tsalle ba kan gado, mai rerawa ne zai sha wuyar.

Shi kuwa kantafoyin a kwance yake kallo, kowace murya waƙa ce mai zaman kanta amma suna tafiya tare. Hanyar da har yau ake bi ta Fux ce, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, wanda ya fitar da littafinsa a Viyana, babban birnin ƙasar, a 1725, mataki biyar ne, ka fara da sauti ɗaya a kan ɗaya, sai biyu a kan ɗaya, sai huɗu, sai wanda ake riƙe sauti ya ɗan yi karo da na ƙasa kafin ya sauko ya huta, na ƙarshe a gauraya su duka. Dokokinsa da tsauri kam, misali ba a yarda muryoyi biyu su tafi a jere da tazarar biyar (kamar daga do zuwa so) ko takwas (daga do zuwa do na sama) ba, don kunne zai ji sun narke sun koma murya ɗaya. Yana da cin lokaci, kuma a farko abin da ka rubuta ba zai burge kowa ba. Amma ka tuna Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan Bajamushe, ya riga ya iya tsara kiɗa lokacin da ya je Viyana a 1792, duk da haka ya zauna yana irin wannan atisayen wajen malaminsa Haydn, daga baya kuma wajen wani malamin, Albrechtsberger.

Ni dai tunda tsarawa kake so ba rakiya kawai ba, wallahi da kantafoyin na muryoyi biyu zan ce ka fara, kuma duk layin da ka rubuta ka rera shi da bakinka, in bai reru ba ka goge. In hannunka ya faɗa sai ka ɗauko waƙoƙin coci 371 masu muryoyi huɗu na Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe, a nan ne hamoni da kantafoyin suka haɗu, ka kwafe ɗaya da hannu ka bi layin teno shi kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ka duba kod ɗin.